Ma'aikacina na son takardar shaidar aiki da albashi, kuma ya roƙi in ƙara adadin

Mai Gidan Burodi:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka san harkar ofis da ta banki. Ina da gidan burodi a nan Kano, ma'aikatana ba su kai 20 ba. Akwai yarona mai kula da sito da lissafin burodin da ke fita, ya daɗe a wurina, ban taɓa kama shi da ha'incin ko mudun fulawa ɗaya ba. Yana son banki ya saya masa babur ya riƙa biya wata-wata, irin tsarin murabaha ɗin nan. Sai suka ce ya kawo takarda daga wurin aikinsa wadda ke nuna cewa ma'aikacinmu ne, da kuma nawa yake ɗauka. Ni ban taɓa rubuta irinta ba, to me ake sawa a ciki?

Abu na biyu shi ya fi damuna. Albashinsa naira 90,000 ne, amma ya roƙe ni in rubuta 140,000, wai in ba haka ba ba za su ba shi ba. Daga Ɗorayi yake zuwa Dakata kullum, kuɗin adaidaita sahu na cinye masa albashi. Ina son ya samu babur ɗin nan ƙwarai, amma zuciyata ba ta kwanta da ƙarin ba.

Baba Akawu:
Wa alaikumus salam Alhaji. Bari in fara da mai sauƙin. Takardar nan gajera ce, ba ta wuce shafi ɗaya. A kan takardar kamfaninka mai tambari za ka rubuta, wadda ke ɗauke da suna da adireshi da lambar waya da lambar rajistarka ta CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni. Ka sa kwanan wata. Ka rubuta cikakken sunan yaron daidai da yadda yake a asusunsa na banki, kada a samu Muhammad a nan Mohammed a can, don a kan harafi ɗaya ana mayar da mutum gida. Sai aikin da yake yi, ranar da ya kama aiki, da matsayinsa: na dindindin ne, ko na kwantiragi, ko yana zangon gwaji. Sannan albashi, ka fayyace ko adadin kafin a cire komai ne, ko kuwa abin da ke shiga hannunsa ne. Ka sa hannu, ka rubuta sunanka da matsayinka a ƙasa, ka buga hatimi. Ka yi kofi biyu, ɗaya a fayil ɗinsa.

Maganar ƙarin kuwa, kada ka yi. Zan dawo kanta, amma bari waɗanda ke cikin bankin su fara magana.

Ɗan Kwari:
Baba, da girmanka, amma ni ban ga abin tayar da hankali a nan ba. Yaro amintacce ne, Alhaji da bakinsa ya faɗa. Zai biya. Banki ba zai yi asarar ko sisi ba, babur na nan, albashi na nan. Wa aka cuta? Kuma mu faɗi gaskiya, a ƙasar nan wa ke rayuwa da albashi kaɗai? Wataƙila yaron yana da gona a ƙauye, yana da tumaki, matarsa na sana'a. Banki ba ya ganin wannan, lambar da ke kan takarda kawai yake gani. Idan Alhaji ya ƙara adadin, ai kusantar da su ya yi ga ainihin ƙarfin yaron. Talaka ne kullum ake bi da ƙa'ida, masu kuɗi kuwa da waya ɗaya ake ba su miliyoyi.

'Yar Banki:
Yaya Ɗan Kwari, na ji zafinka, kuma maganarka ta ƙarshe akwai gaskiya a ciki. Amma tambayarka ta wa aka cuta ina da amsarta, domin a teburina irin waɗannan takardun ke sauka. Yaron ake cuta.

Yawancin bankuna ba sa yarda biyan wata ya wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da ke shiga hannun mutum. Mai ɗaukar 90,000 ke nan ba a son ya biya fiye da 30,000 a wata. Da ya ce a rubuta 140,000, lissafi ya yi: yana son a ba shi tsarin da zai riƙa biyan wajen 45,000. To a ce an ba shi. Ranar da albashi ya shiga, banki ya cire rabinsa, saura 45,000. A ciki zai sha mai, ya yi juyen baƙin mai, ya ci abinci, ya biya haya. Wata uku na farko zai daure, a na huɗu yaro ya yi zazzaɓi, ko azumi ya kama, shi ke nan ya fara cin bashin wani don ya biya wani. Kuma tun Agustan 2020 Babban Bankin Najeriya ya kawo tsarin GSI, wanda ke bai wa banki damar bin BVN ɗin wanda ya kasa biya ya ɗebi kuɗi daga sauran asusunsa na wasu bankuna. Ba maganar sauya banki a huta.

Sannan Alhaji, ko ka rubuta ɗin ma ba lallai ta wuce ba. Ba takardarka kaɗai muke dubawa ba. Muna ɗora ta a gefen takardar shige da ficen asusunsa, yawanci ta wata shida, mu bi layi-layi mu ga ranar da albashi ke shiga da sunan wanda ke turowa. In takarda ta ce 140,000 asusu ya ce 90,000, an gama. Ba za a ce masa ya yi ƙarya ba, za a ce masa bai cika sharaɗi ba. Amma sunan gidan burodinka ya riga ya shiga ran ma'aikacin da ya duba, kuma gobe wani yaronka mai gaskiya zai zo da takardarka.

Mai Gidan Burodi:
Na gode ƙanwata. To ga wani abu da ban faɗa ba. Ba duka kuɗin nake tura masa ta banki ba. 60,000 nake turawa, sauran a hannu nake ba shi, haka muka saba. Ban da albashin kuma ina ba shi kuɗin abinci 12,000 duk wata, akwai kuma kamasho idan burodi ya fita da yawa.

'Yar Banki:
To Alhaji, nan ne matsalar take, nan ne kuma mafitar. A idon banki yanzu yaron nan 60,000 yake ɗauka, ko gaskiyar 90,000 ɗin ma ba za ta tabbata ba. Daga wannan watan ka riƙa tura masa komai ta asusu, daga asusun kamfani, ba na aljihunka ba, a rana ɗaya ko kusa da ita kowane wata, ka rubuta a wurin bayani cewa albashin wata kaza ne. Kuɗin abinci da kamasho su ma ta banki, kowanne da bayaninsa. In ya haƙura 'yan watanni, asusunsa da kansa zai yi masa shaida.

Baba Akawu:
Alhamdu lillahi, ka ga ashe yaron ya fi yadda ku biyun kuke lissafa shi. Abin da yake samu a wurinka na gaskiya ya haura 100,000 tun kafin a zo kan kamasho. Duk wannan halal ne ka rubuta, amma a rarrabe, kada ka dunƙule su ka kira su albashi. Albashi 90,000. Alawus ɗin abinci 12,000. Kamasho kuma ka buɗe littafinka, ka tara na wata shida da suka wuce ka raba shida, ka rubuta cewa matsakaicinsa ke nan kuma yana hawa yana sauka. Wani bankin zai lissafa kamashon, wani ba zai lissafa ba, wannan nasu ne. Kai dai kowace lamba da ka rubuta, ka iya buɗe littafi ka nuna ta.

Ɗan Kwari ya kawo maganar gona da tumaki. Idan akwai su, yaron ya nuna wa banki da kansa ta hanyar da suke karɓa. Alhaji ba shi ke biyansa kuɗin tunkiya ba, don haka ba shi zai sa hannu a kai ba.

Akwai kuma haraji, wanda mutanenmu ke mantawa. A sabuwar dokar da aka sa wa hannu a Yunin 2025, ta fara aiki a Janairun 2026, naira 800,000 na farko a shekara ba haraji a kansu. Mai 90,000 a wata yana da 1,080,000 a shekara, mai 140,000 yana da 1,680,000. Ranar da jami'an haraji na jiha suka zo duba littattafanka suka ga takarda da hatiminka tana faɗin adadin da ya fi wanda ka nuna musu, kai za a tambaya ina sauran, ba yaron ba.

Malamin Islamiyya:
Ina son in ƙara ta fuskar addini, a taƙaice. Wannan takardar shaida ce. Alhaji zai ce wa mutanen da ba su san yaron ba, ni na sani, abu kaza ne, su kuma su gina hukunci a kan maganarsa. A hadisin Abu Bakra da ke cikin Bukhari da Muslim, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ambaci shirka da saɓa wa iyaye cikin mafi girman zunubai, yana kishingiɗe, sai ya tashi zaune ya ambaci shaidar zur, ya yi ta maimaitawa. Kyakkyawar niyya ba ta mayar da ita halal. Kuma yaron da kansa ya guje wa riba ya nufi murabaha, bai dace a fara cinikin da ƙarya ba.

Ɗan Kwari:
Allah ya gafarta Malam, na karɓi wannan, ba ni da ja da hadisi. Amma har yanzu tambayata na nan: in banki ya ce 102,000 bai isa ba, yaro ya ci gaba da ƙona albashinsa a adaidaita ke nan? Mu da muke ce wa Alhaji kada ya rubuta, me muka ba yaron a madadi?

Maman Ilham:
Wannan tambayar a kan hanya take, Malam Ɗan Kwari. Ni makaranta nake riƙe da ita a Kaduna, kuma na sha fuskantar haka da malamaina. Hanyoyin da na ga sun yi aiki: a tsawaita lokacin biya don na wata ya sauko, ko a ba da wani kaso tun farko don abin da banki zai saya ya ragu. Alhaji zai iya ba shi wannan kason a matsayin rance marar ruwa, ya riƙa cira kaɗan-kaɗan. Ko a shiga adashin ma'aikata a ba shi ɗaukar farko. Ko kuwa, in Alhaji ya ga yaron ya cancanta, ya ƙara masa albashin da gaske. Wanda ke riƙe maka makullin sito shekara da shekaru ba a taɓa samun gibi ba, ƙarin 10,000 ko 15,000 bai yi masa yawa ba. In ka ƙara, sai ka rubuta sabon adadin da ranar da ƙarin ya fara aiki, kanka a ɗage.

Barista:
Salam. Na karanta duka, kuma ina tare da Baba Akawu da Maman Ilham. Amma akwai tarkon da ba wanda ya ambata, kuma shi ya fi kama masu ƙananan kamfanoni.

Takardu iri biyu ne ke fitowa a irin wannan harka, mutane na ɗaukarsu ɗaya. Ta farko ita muke magana a kai: wane ma'aikacina ne, yana ɗaukar kaza. Labari ka bayar, iyakarta ke nan. Ta biyu fom ne da banki ke bai wa ma'aikaci ya kai wa ubangidansa ya sa hannu, inda ubangida ke alkawarin ci gaba da biyan albashi ta wannan bankin kaɗai har bashi ya ƙare, ba zai sauya ba sai da izininsu a rubuce. Sau da yawa akwai sakin layi da ke cewa in ma'aikaci ya bar aiki za ka sanar da su, kuma haƙƙoƙinsa na sallama ta wannan asusun za ka biya. Wannan alkawari ne, yana ɗaure ka. In yaron ya zo bayan wata biyar ya ce Alhaji a ba ni a hannu wannan watan, kai kuma ka ba shi, ka saɓa abin da ka sa wa hannu. Wani fom ɗin ma yana wuce nan, ya sa ka zama garanto, wato in ya kasa biya kai za ka biya. Ba na cewa kada ka sa hannu, ina cewa ka karanta kowane layi, in Turancin ya yi nauyi ka ba wani ya fassara maka, ka san wanne ka ɗauka.

Kuma ka duba rajistarka. In lambarka da RC ta fara, kamfani ne mai zaman kansa a idon doka. In da BN ta fara, sunan kasuwanci ne kawai, kai da shi abu ɗaya ne, duk abin da ka ɗauka da sunansa a wuyanka yake har da dukiyarka ta gida.

Shi ya sa nake son a takardar shaidar a sa layi ɗaya a ƙarshe: an ba da ita ne don tabbatar da aiki da albashi kawai, ba alkawarin biyan bashi ba ce a madadinsa.

Game da ƙarin adadi, ban da abin da Malam ya faɗa, yaudarar banki da takardar ƙarya laifi ne a doka, kuma mai sa hannu yana ciki. Akwai ma wani ɓangaren: yau kuna shiri da yaron, Allah ya ɗorar. Amma in wata rana aka ɓata, takarda mai hatiminka da ke cewa 140,000 hujja ce a hannunsa a Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da reshe a nan Kano. Zai iya cewa ana bin ka cikon 50,000 na kowane wata. Kai kuma kariyarka ita ce ka tsaya gaban alƙali ka ce ƙarya na rubuta.

Mai Gidan Burodi:
Barista, Allah ya saka da alheri. Tawa da BN ta fara. Lallai akwai wani fom da ya kawo tare da buƙatar, yana cikin durowa ban karanta ba tukuna. Zan ɗauki hotonsa in turo maka ta gefe.

Barista:
Turo, amma ka rufe lambar asusunsa da BVN kafin ka ɗauka. Sannan tambaya: yana da takardar kama aiki?

Mai Gidan Burodi:
Babu. Mahaifinsa ne ya kawo shi, muka yi magana da baki.

Barista:
To ka haɗa biyun a wannan makon. Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya wajabta wa mai ɗaukar aiki ya bai wa ma'aikaci bayani a rubuce cikin wata uku da fara aiki: sunan mai aiki da na ma'aikaci, irin aikin, ranar farawa, albashi da yadda ake biyansa, lokutan aiki, hutu, da wa'adin sanarwa kafin rabuwa. Ka rubuta da kwanan watan yau, ka ambaci ainihin ranar da ya fara a ciki. Kada ka mayar da kwanan wata baya don ta yi kamar tsohuwa. Kuma tunda Maman Ilham ta kawo shawarar rance, ka sani sashe na 5 ya hana jimillar abin da ubangida ke cira daga albashi a wata ta wuce kashi ɗaya cikin uku. Takardar kama aikin ka yi wa sauran ma'aikatan ma, ba shi kaɗai ba.

Na Sakatariya:
Mu a gwamnati abin ya zo da sauƙi. Takardar ɗaukar aiki ta farko, ta tabbatarwa, ta ƙarin girma na ƙarshe, da takardar albashi ta wata uku, sai ma'aikatarka ta ba ka wasiƙar gabatarwa mai nuna matakin albashinka. Na tarayya ma yawanci nasu daga IPPIS, tsarin biyan albashi na gwamnatin tarayya, yake fitowa, ba wanda zai ƙara ko ya rage. Abin da ke ba ni takaici shi ne ma'aikatan 'yan kasuwa. Na san mutum ya shekara goma a shago, ba shi da takarda ko ɗaya da ke nuna ya taɓa aiki a ko'ina. Wasu iyayen gidan da gangan suke ƙin rubutawa, don abin da suke biya bai kai mafi ƙarancin albashi na 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 ba, suna tsoron ya zama hujja a kansu.

Baba Akawu:
Haka ne, ko da yake dokar ta ware wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba. Amma warewar doka ba ta ciyar da iyali. Wanda ke jin kunyar rubuta abin da yake biya, albashin ya kamata ya duba.

Maman Ilham:
Bari in ƙara wani abu kan wanda za a rubuta wa. Ni na daina rubuta takarda buɗaɗɗiya mai cewa ga duk wanda abin ya shafa. Ina rubuta sunan bankin da reshen, da dalilin bayarwa. Takarda buɗaɗɗiya ana iya yi mata hoto a kai wurare biyar, har da manhajojin bashin nan na waya, sai ka ji ana kiran lambar ofis ana zagi. Kuma ba na rubutawa sai ma'aikaci ya nema da hannunsa, ko da layi biyu ne, ya sa hannu, in ajiye. Albashin mutum sirrinsa ne. Tun 2023 muna da dokar kare bayanan mutane, amma ko ba doka, ba daidai ba ne wani ya bugo waya ya ce nawa malama wance take ɗauka ka faɗa masa. An taɓa kirana haka, wai daga banki, ashe dangin mijin malamar ne. Na ce su turo a rubuce, ba su sake kira ba.

Kada kuma a cusa abin da ba a tambaya ba. Ba wurin faɗin ya taɓa jinya ba ne, ko yana da mata biyu, ko ana bin sa bashi a ofis. Yabo ma ba wurinsa ba ne, wannan takardar hali ce daban.

In ta biza ce, sai a ƙara ranar da hutunsa zai fara da ranar da zai dawo bakin aiki, domin abin da ofishin jakadanci ke son ji ke nan. Can kuwa ƙarya ta fi tsada: Ingila na iya hana mutum shiga na shekara 10 in an kama shi da yaudara a neman biza, Amurka kuma haramcin na iya zama na har abada.

Ɗan Maraɗi:
Gaisuwa daga Nijar. A wajenmu takardun biyu ne da Faransanci. Akwai wadda ake ba wanda yake kan aiki, ita ake kai banki tare da takardun albashi na watannin baya. Akwai wadda ake ba wanda ya bar aiki, ita doka ta ce ranar shiga da ranar fita da irin aikin da ya yi kawai za a sa, ba a rubuta dalilin rabuwa don kada a toshe masa gaba. In mutum na da rajista a CNSS, wato asusun inshorar ma'aikata na ƙasa, lambarsa na ƙara wa takardar nauyi sosai. Wanda ba a yi wa rajista ba kuwa, matsalarmu da taku iri ɗaya ce.

Mai Gidan Burodi:
Na zauna da yaron bayan la'asar, na karanta masa lissafin da ƙanwarmu ta banki ta yi. Ya yi shiru, ya ce bai lissafa da kuɗin mai ba. Mun tsaya a kan zan tura komai ta banki daga wannan watan, zan kuma ba shi wani abu na kason farko. Ga abin da na tsara, za a juya shi zuwa Turanci in kun duba:

"Zuwa ga Manaja, banki kaza, reshen kaza. Shaidar aiki da albashin Malam Wane. Bisa buƙatarsa, muna tabbatar da cewa Malam Wane ma'aikacinmu ne na dindindin tun ranar kaza, a matsayin mai kula da sito. Albashinsa na wata naira 90,000 ne kafin a cire komai. Ban da shi yana karɓar alawus ɗin abinci naira 12,000 duk wata, da kamasho mai hawa da sauka, wanda matsakaicinsa a wata shida da suka wuce naira 18,000 ne a wata. An ba da wannan takarda ne don neman sayen babur da yake yi a bankinku kawai, ba alkawarin biyan bashi ba ce a madadinsa. Don ƙarin bayani a tuntuɓe ni a lamba kaza."

Baba Akawu:
Ta yi, Alhaji. Gyara biyu. Kowane adadi ka rubuta shi da lamba da kuma kalmomi, don kada wani ya ƙara sifili da biro. Sannan ka ƙara layin abin da ke shiga hannunsa bayan cire haraji, shi banki ke lissafi da shi. In an juya ta Turanci, a karanta wa yaron da Hausa kafin ka sa hannu, ya ji abin da aka faɗa a kansa.

'Yar Banki:
Kuma kada ka sa kwanan wata yanzu. Ka bari sai ranar da zai kai, domin takardar da ta kwana biyu ana cewa a sake sabuwa. Lambar da ka sa kuma ta zama wadda kake ɗauka da kanka. Za mu kira, wani lokaci ma a turo mutum ya ga gidan burodin da idonsa. In yaron kanti ya ɗauka ya ce bai san wani mai wannan suna ba, saboda da laƙabi kuke kiransa, fayil ɗin zai kwanta.

Hajiya Mai Atamfa:
Ku yi haƙuri in shigo da tawa tunda ana kan maganar. Direbana na gida ne ke neman haya, mai gidan ya ce sai ya ga shaidar aiki. Ni ba ni da kamfani a kansa, ba takarda mai tambari, ba hatimi. Zan iya rubutawa? Kuma in ya bar aiki bayan wata biyu ya kasa biyan haya, za a zo kaina?

Barista:
Za ki iya, Hajiya. A farar takarda, ki sa cikakken sunanki da adireshinki da lambar wayarki a sama, ki ce ke ce kika ɗauke shi aikin tuƙi tun ranar kaza, kina biyansa kaza a wata, ki sa hannu. Kada ki ari takardar shagonki in ba shagon ke biyansa ba. In kina tura masa ta banki, ya haɗa da shaidar turawar ta watannin baya. Barinsa aiki daga baya ba ya ɗora miki komai, domin abin da kika faɗa gaskiya ne a ranar da kika rubuta, shi ya sa kwanan wata ke da muhimmanci. Abin da zai ɗora miki shi ne in dillali ya miƙo miki takardar yarjejeniyar haya ya nuna wurin mai tsaya wa ɗan haya ya ce ki sa hannu a nan ma. Wannan daban ne, sai in kin yi niyyar biya.

Hajiya Mai Atamfa:
Na gode Barista. A hannu nake ba shi, amma akwai littafin da yake sa hannu duk ƙarshen wata.

Barista:
Littafin ya wadatar. Ki yi hoton shafukan wata shida na ƙarshe ki haɗa da takardar, asalin littafin kuma ya zauna a wurinki.